Na'urar GPS Ta Keke: A Sabon Birni Da Isa Ba Sigina Ce Matsalar Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da darajarsa a garuruwan arewa. Wanda ya jingine nasa a zaure ya fito da shi ya kai wa mai gyara, wasu matasan kuma suka mai da hawansa motsa jiki da abin nunawa a TikTok. A bidiyon 'yan tseren keke na Turai ne yawanci ake ganin wata ƙaramar na'ura mai kamar akwatin ashana ɗaure a ƙahon keke, tana nuna gudu da nisan da aka ci da hanyar da aka bi. Garmin da Wahoo ne manyan masu ƙera ta, sai kamfanoni masu sauƙin farashi irin su Bryton da iGPSPORT da Magene da Coospo.

Tambayar da matashin Sabon Birni ko Isa zai fara yi kafin ya saya ita ce: "Tana kama sigina a ƙauye kuwa?" Tambaya ce mai dalili ga wanda ya saba hawa tudu ko ɗaga waya sama don ya samu sabis. Sai dai a kan wannan na'ura, ba nan gizo ke saƙa ba. A ƙasar Gobir, siginar tauraron ɗan Adam ita ce abu mafi sauƙin samu. Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi da tunani shi ne na'urar da za ta yi aiki ranar da babu sabis, ta jure zafi da ƙura, sannan ba za ta tona wa mai ita asiri ba.

Sabis daban, GPS daban

Mutane da yawa na ɗaukar cewa shuɗin ɗigon da ke nuna inda suke a Google Maps daga MTN ko Airtel yake zuwa. Ba haka ba ne. Sabis daga turakun kamfanonin waya yake fitowa, waya na magana da turke, turke na amsa mata. GPS kuwa saurare ne kawai. Taurari kusan 31 na rundunar sararin samaniyar Amurka suna zagaya duniya sau biyu a rana, a nisan kilomita 20,200, kowanne na watsa saƙon da ke cewa ga inda yake, ga kuma ƙarfe nawa. Saƙon na isowa ƙasa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Idan na'ura ta ji taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa tazarar da ke tsakaninta da kowanne, ta fitar da inda take. Ba ta aika komai sama, ba ta buƙatar layi, ba ta cin data ko sisi.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Mafi yawan wayoyin da ke kasuwa yanzu, har da masu matsakaicin farashi, suna sauraren biyu ko uku ko duka huɗun a lokaci guda.

Mutanen gabashin Sakkwato sun ga amfanin wannan bambanci ba da son ransu ba. A watan Satumba na 2021, bayan Zamfara ta rufe layukan sadarwa, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, Sabon Birni da Isa na ciki. Kira ya tsaya, tura kuɗi ta waya ya tsaya, WhatsApp ya yi shiru. Amma duk tsawon wannan lokaci taurarin GPS ba su daina wucewa ta saman Gatawa da Bafarawa ba, domin babu gwamnan da ke da makunnin kashe su. Wayar da aka riga aka sauke wa taswira tana iya nuna wa mai ita inda yake ko da an zare layin an ajiye a gida.

Haka abin yake a bakin iyaka. Wanda ya matsa arewa wajen Gidan Runji ko Bangi ya san yadda waya ke barin layin Najeriya ta kama na Nijar, ko ta rasa duka biyun. GPS bai san da iyaka ba. Yadda yake aiki a Sabon Birni haka yake aiki a Tsibiri da Maraɗi.

Inda sabis ke taimakawa shi ne wajen saurin farawa. Tauraro na aiko bayanin hanyarsa a hankali ƙwarai, bit 50 kacal a daƙiƙa, shi ya sa na'urar da ta daɗe a kashe ke iya ɗaukar rabin minti ko wasu mintuna kafin ta gano inda take. Waya mai data tana sauke wannan bayani ta intanet cikin ƙiftawar ido. Maganin wannan ba sabuwar na'ura ba ne. A kunna ta a fili, a bar ta minti biyu kafin a hau keke, shi ke nan.

Sararin Gobir ya fi na Landan

Abin da ke lalata siginar GPS sananne ne: dogayen gine-gine, duhun daji mai rufaffen sama, kwazazzabai tsakanin duwatsu, da rufin kwano ko siminti. A tsakiyar manyan birane sigina kan bugi gilashin bene ta dawo, sai na'ura ta ɗauka tana tsallaken titi alhali tana nan. Don magance wannan ne aka fito da na'urori masu sauraren zango biyu, L1 da L5, maimakon L1 kaɗai. Xiaomi Mi 8 ce wayar da ta fara zuwa da shi a 2018, Garmin kuma ya saka shi a Edge 1040 a 2022, sannan a Edge 540 da 840 a 2023.

To mene ne cikin waɗannan matsaloli ke tsakanin Isa da Sabon Birni? Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin gero da dawa, fadamun Gulbin Rima, gawo nan, kuka can, darbejiya a bakin gari. Sama a buɗe take daga gabas har yamma. A irin wannan fili waya kan ga taurari fiye da 20 a lokaci guda, kuskurenta kuma bai cika wuce mita biyar ba. Hadari ba ya tare siginar, hazon hunturu ma haka. Duk mai shakka ya sauke manhajar GPSTest, kyauta ce a Android, ya yanke sabis ɗin wayarsa da maɓallin nan mai hoton jirgin sama, ya tsaya a filin ƙwallo ya ƙirga taurarin da idonsa. Sannan ya shiga rumfar kwano a kasuwa ya ga yadda adadin ke faɗuwa. Wannan gwaji na minti biyar ya fi bidiyon talla goma.

An fara sayar da Edge 1040 a kan dala 600, Edge 540 kuma dala 350. Idan aka juya dala 600 zuwa naira, ta yi kusan daidai da albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Biyan wannan kuɗi don samun sigina a ƙasar da sigina ke zuba kyauta daidai yake da sayen kwalekwale don tsallake burtali da rani.

Akwai togiya guda da ya kamata a sani. Najeriya na kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda sashen sama mai ɗauke da wutar lantarki kan hargitse bayan faɗuwar rana. Wannan hargitsi yana sa siginar taurari ta yi rawa, wani lokaci na'ura ta saki tauraro ɗaya ko biyu na ɗan lokaci. Ya fi yawa tsakanin magariba da tsakar dare, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar tashinta, kamar yadda hukumar NASA ta sanar an shiga a Oktoban 2024. Na'ura mai sauraren tsarin taurari da yawa ta fi jure wannan, domin idan ta rasa ɗaya tana da na maye gurbi. Don haka abin dubawa a jikin kwali shi ne a ga an rubuta GPS da GLONASS da Galileo da BeiDou, kuma ƙananan na'urori da yawa suna da su. Ban da haka, a halin da yankin ke ciki, mai hankali ba ya kan hanyar daji bayan magariba.

Taswira kafin komai

Sanin inda mutum yake a lambobi ba shi da amfani idan babu taswirar da za a ɗora ɗigon a kai. A nan ne na'urori da yawa ke faɗuwa. Masu araha ƙwarai ba su da taswira sam, gudu da nisa kawai suke nunawa, sai an dawo gida a haɗa su da waya kafin a ga layin da aka bi. Masu tsadar kuma da aka sayo daga Turai ko Amurka, taswirar can ce a cikinsu, sai an nemi kwamfuta ko intanet mai ƙarfi an sauke ta Afirka.

A waya, Google Maps na barin mutum ya sauke yanki ya ajiye, amma idan babu data hanyar mota kaɗai yake lissafawa, ba ya ba da ta keke ko ta ƙafa. OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ke amfani da taswirar OpenStreetMap, suna yin duka ba tare da data ba. Wanda ke zirga-zirga a bakin iyaka ya sauke ta Najeriya da ta Nijar tare, tun yana inda sabis ke da ƙarfi.

Duk da haka, babu taswirar da ta san kowane burtali da kowace hanyar gona. Babban titi zai fito, amma 'yar hanyar da ke ratsa fadama zuwa wani ƙauye na iya zama babu ita, ko kuma tana nan alhali damina ta cinye ta. Saboda haka siffa mafi amfani ga mai keke a karkara ita ce iya ajiye sawun tafiya a fayil ɗin GPX da kuma iya bin sawun a koma inda aka fito. Mutum ya bi hanya sau ɗaya tare da wanda ya san ta, na'ura ta riƙe, gobe ya bi shi kaɗai.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a arewa. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, tun wajen 2012 aka riƙa bai wa ayarin masu rigakafi wayoyi masu GPS su saka a jakarsu. Wayoyin na ajiye sawun duk inda aka taka ko babu sabis, da yamma a kwashe bayanan a ɗora kan taswira a ga ƙauyen da aka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka gudanar da aikin. A ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wayoyi ne na talakawa suka yi wannan aiki a ƙauyukan da ko keke ke shan wuya, ba na'urar dala 600 ba.

Zafi, ƙura da caji

Masu cewa waya ta isa, ba sai an sayi komai ba, suna da gaskiya rabi. Sauran rabin yana hannun bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, alhali Apple ya ce an ƙera iPhone ne don ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyin ma ba su yi nisa da haka ba. Wayar da aka ɗaure a ƙahon keke, rana na dukanta, allonta a kunne da cikakken haske, za ta rage haske da kanta, ta daina caji, wata ma ta mutu a tsakiyar hanya. Zafi kuma yana tsufar da batir da wuri.

Ga kuma girgiza. A Satumban 2021 Apple ya gargaɗi masu ɗaura iPhone a jikin babura cewa karkarwar inji na iya lalata kyamara. Ɗan kabu-kabun da ke bin hanya mai gargada ya yi la'akari da wannan kafin ya maƙala wayar da ita ce jarinsa.

A nan ne keɓantacciyar na'ura ke cin nasara, ba a wajen sigina ba. Allonta na karantuwa a tsakar rana ba tare da cin wuta ba, ta fi waya jure zafi, kuma cajinta na kai sa'o'i 15 zuwa 30 ko fiye, gwargwadon iri. A garin da wutar lantarki ke zuwa idan ta ga dama, wanda caji sai a shagon mai sola ko janareta, na'urar da za ta yi mako ba a caja ba ta fi wadda ke da siffofi ɗari. Mafi muhimmanci, tana barin batirin waya ya huta a aljihu don kiran gaggawa.

Mai saye ya duba lambar kariyar da ke jikin kwali. IPX7 na nufin an gwada ta da ruwa, harafin X kuma na nufin ba a ba da sakamakon gwajin ƙura ba. IP67 ita ce mai cewa ƙura ba ta shiga. Ya zaɓi mai maɓallai a kan mai allon shafawa, domin yatsa mai gumi da ƙasa ba ya shiri da gilashi. Ya nemi mai kan caji na USB-C, irin na wayarsa. Ma'aunin hawa da gangara da ake tallatawa, na masu hawan duwatsun Faransa ne, a shimfiɗar Gobir ba shi da aikin yi. Wanda kuma ya damu da ainihin kilomita, ƙaramin ma'aunin da ake ɗaurawa a ƙafar keke ya fi GPS daidai idan ana tafiya a hankali cikin rairayi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, tsohuwar wayar Android da ba layi a ciki, da OsmAnd a kanta, a jaka ba a rana ba, za ta yi masa mafi yawan aikin. An ce araha ba ta ado, amma a nan ba ado ake nema ba.

Wa ke ganin sawunka?

Wannan shi ne ɓangaren da masu tallar na'urori ba sa taɓawa, kuma shi ne mafi nauyi a wannan yanki. Na'urar ita kanta ba ta gaya wa kowa inda mai ita yake. Manhajar da ake haɗa ta da ita ce ke yin haka. Da zarar waya ta samu data, sai tafiyar ta hau Strava ko Garmin Connect, idan kuma ba a gyara saiti ba, wasu na iya ganin hanyar da aka bi, ranar da aka bi ta, da ƙarfe nawa aka fita.

A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da Strava ya wallafa ta inda masu amfani da shi ke motsa jiki tana zana siffar sansanonin soja a Afganistan da Siriya da wasu ƙasashe. Sojoji ne ke gudun safe da na'urorinsu a kunne. Dalilin da ya sa suka fito fili shi ne babu wasu masu amfani da manhajar a kewayensu. A Landan sawun mutum ɗaya na ɓacewa cikin na dubbai. A hanyar Isa zuwa Shinkafi, layi ɗaya a kan taswira na nufin mutum ɗaya, kuma ba wuya a gane ko wane ne.

Ba sai an tuna wa mutanen yankin abin da hanya ke nufi ba. A Disambar 2021 an ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. A wurin da masu kai rahoto ga 'yan bindiga ke neman sanin wa ke fita, yaushe, ta ina, wallafa jadawalin tafiyar mutum ta kowace safiya a intanet ganganci ne. Hoton allo da ake sakawa a sitatus na WhatsApp, mai nuna taswirar da ta fara daga ƙofar gida ta ƙare a ƙofar gida, shi ma haka.

Dokar mai sauƙi ce. A mai da duk tafiye-tafiye na sirri a saitin manhaja, a kashe hawa intanet kai tsaye, a kunna ɓoye farko da ƙarshen hanya. Idan ana son nuna bajinta, a nuna lambar kilomita, a yanke taswirar. Na'urar da ke barin a kwashe fayil ta kebul zuwa waya ko kwamfuta ba tare da buɗe asusu ba ta fi dacewa da nan. Wannan yana da wata fa'idar ma: a Yulin 2020 masu kutse sun durƙusar da Garmin Connect na kwanaki, masu dogaro da shi suka kasa ɗora komai, alhali fayilolin na nan cikin na'urorinsu.

Sannan a kula da yadda abin ke bayyana a idon wasu. Ƙaramin akwati mai allo da taswira a jikin keke ko babur, a yankin da zargi ya yi yawa, na iya jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa-kai, balle a hannun miyagu. Mai ita ya iya bayanin ta cikin jimla ɗaya, kuma ya san lokacin da ya fi kyau ta kwana a gida.

Abin da tauraro bai sani ba

Wasu na sayen waɗannan na'urori don siffofin gaggawa: bibiyar mai tafiya kai tsaye, da aika saƙo ga 'yan uwa idan ya faɗi. A karanta ƙananan rubutun. Duka biyun ta wayar da aka haɗa suke bi, wayar kuma sai da sabis. Daidai inda aka fi buƙatar su, nan ne ba sa aiki. Abin da ya fi su tabbas shi ne mutum ya koyi karanta lambobin wurin da yake, domin gajeren saƙon tes kan fita da sanda ɗaya ta sabis a inda data ta gaza, ya kuma gaya wa wani a gida inda za shi da lokacin da za a sa ran dawowarsa.

GPS na iya cewa saura kilomita tara a isa, amma bai san an ga baƙin babura a hanyar da asuba ba. Bai san gulbi ya kawo ba, bai san yau mutanen wani ƙauye ba su fito kasuwa ba, bai kuma san dalili ba. Wannan labari yana bakin direbobin tasha, da 'yan kabu-kabu, da mai shayin bakin hanya. Matambayi ba ya ɓata, kuma har yau ba a ƙera na'urar da ta soke wannan karin magana ba.

Saboda haka matashin Sabon Birni ko Isa da ke son na'urar keke ya daina tambayar mai shago ko tana kama sigina. Za ta kama. Ya tambaya ko tana aiki ba tare da waya ba, sa'a nawa cajinta ke yi, ko tana iya mai da shi ta hanyar da ya fito, da kuma ko zai iya hana ta gaya wa duniya inda yake kwana. Ragowar kuɗin ya sayi tayoyi masu kauri da famfo da kayan faci, domin ƙaya ta fi rashin sigina tsayar da masu keke a ƙasar Gobir.